Allurar mura ta shekara-shekara: wa ya kamata a yi wa a nan Bauchi?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan asibitin da ke cikinmu. Yayana da ke zaune a Ingila ya kira jiya yana ta faɗa, wai don me har yanzu ba mu kai Inna an yi mata allurar mura ba, ga hunturu ya kama. Ya ce su can da zarar sanyi ya ƙarato ake kiran duk wanda ya kai shekara 65 ya je a yi masa, kyauta. Ni tun da nake ban taɓa jin mura tana da allura ba. Inna ta haura saba'in, kuma tana da ciwon suga. Akwai abin a nan kuwa, ko dai na Turawa ne kawai?

Mai Shayin Kobi: Wa alaikumus salam. Allurar mura ai tana teburina. Citta, kanumfari, lemun tsami, a ɗan ɗiga zuma. Ka kawo Inna da asuba, kofin farko kyauta ne kamar na Ingila.

Maman 'Yan Biyu: Kai dai ba ka rabo da talla. Amma ni ma abin ya ɗaure min kai. Murar da yara ke yi sau nawa a shekara, wace allura ce za ta tare ta?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Maman 'Yan Biyu, ba wannan murar ake nufi ba. Wadda kike gani kullum, hanci na zuba, ana atishawa, yaro na ta wasansa da majina, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo ta, kuma ba ta da allura. Wadda ake wa allura ita ce infuluwenza. Ita ba ta sallama. Mutum zai tashi da safe lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari, ko zuwa banɗaki sai ya dafa bango. Mai ƙarfi a jika yakan warware cikin mako guda, sai dai tarin kan ja har mako biyu ko fiye. Tsoho mai suga irin Inna kuwa, tana iya gangara masa ƙirji ta zama nimoniya, sugan ma ya rikice.

Maman 'Yan Biyu: To ai wannan da kika lissafa, mu maleriya muke ce masa.

Anti Nas: Nan gizo ke saƙar. Da yawa suna zuwa mana sun riga sun shanye maganin maleriya a gida, a yi gwaji a ga babu ita, su ce na'urar ce ba ta da kyau. Daga nan sai a koma taifot.

Likitan Yara: Salam. Ɗan Wunti, yayanka bai yi ƙarya ba, amma akwai abin da bai sani ba game da nan gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1 ke kamuwa da wannan mura duk shekara. Miliyan 3 zuwa 5 takan kwantar da su sosai, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke rasuwa ta hanyar ciwon numfashin da take jawowa. Hukumar ba ta ce dole a bi kowa da allura ba. Ta ware waɗanda za a fara da su: mata masu juna biyu, yara daga wata 6 zuwa shekara 5, tsofaffi, masu ciwon da ake zaune da shi kamar suga, asma, ciwon zuciya, ƙoda ko mai karya garkuwar jiki, sai ma'aikatan lafiya. Inna ta shiga ta ƙofa biyu, ga shekaru ga suga. Amurka ce ta faɗaɗa nata tun 2010, ta ce duk wanda ya kai wata 6 ya yi.

Abin da yayanka bai sani ba shi ne, a Najeriya wannan allura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta. In ka je asibitin sha-ka-tafi na unguwa ka tambaya, ba za ka samu ba, kuma ba laifin ma'aikatan ba ne. Wanda ke so sai ya nema da kuɗinsa a manyan asibitocin kuɗi ko manyan shagunan magani, galibi a manyan birane.

Malam na Gwallaga: Likita, Allah ya ƙara basira. Amma ni kullum tambayata ɗaya ce. Allurar ƙyanda ana yi wa yaro a gama. Ta shawara sau ɗaya ce har abada. Ita wannan me ya sa sai duk shekara? Ba kasuwa ce aka buɗe ba kuwa?

Likitan Yara: Malam, tambaya ce mai kyau, kuma kamfanoni suna cin riba, wannan ba a musu. Amma dalilin maimaitawar daga ƙwayar cutar yake. Ta ƙyanda ba ta cika canza kama ba, shi ya sa garkuwar da yaro ya samu ke bin sa har tsufa. Ta infuluwenza kuwa kullum cikin sauya fatarta take, kaɗan-kaɗan, har garkuwar bara ta kasa gane ta bana. Ga shi kuma ƙarfin allurar kansa yana raguwa bayan watanni.

Tun 1952 akwai ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama da ke tattara samfuri suna aika wa Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu ma hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana ɗibar samfurin majina daga wasu asibitoci, ciki har da na Malam Aminu Kano. Sau biyu a shekara masana ke zama: a Fabrairu su zaɓi nau'o'in da za a sa wa allurar ƙasashen arewacin duniya, a Satumba na kudanci. Yanzu nau'i uku ake haɗawa, biyu daga jinsin A, wato H1N1 da H3N2, ɗaya daga jinsin B. Da huɗu ne, amma ɗaya reshen na B ba a sake ganinsa ba tun Maris na 2020, sai aka ba da shawarar a cire shi.

Malam na Gwallaga: Wato kintace suke yi ke nan.

Likitan Yara: Kintace ne mai hujja, amma kintace ne. Wata shekarar a dace, wata a ɗan kauce. In an dace, tana rage yiwuwar kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ba zan ce maka ta kai ta ƙyanda ba, ba ta kai ba. Amfaninta ga tsoho shi ne ko ta kama shi, sau da yawa ba ta kai shi ga gadon asibiti da robar iska a hanci.

Baban Yara, Azare: Ku yi haƙuri, ni fa duk allurar da aka ce daga waje take sai gabana ya faɗi. Ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ɗalibar Yelwa: Baba, Trovan ai ba rigakafi ba ne, magani ne da ake gwajinsa a lokacin.

Baban Yara, Azare: 'Yata, na sani. Amma amanar ɗaya ce.

Likitan Yara: Baba yana da hujja, kada a raina ta. Abin ya faru, an yi shari'a, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Kuma shi ne ya ƙara rura wutar ƙin allurar shan inna a 2003, wanda ya mayar da mu baya shekaru, har sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar ta asali. Bambancin da zan nuna wa Baba ɗaya ne. Wancan sabon abu ne aka zo gwadawa a kan 'ya'yanmu. Wannan kuwa tun shekarun 1940 ake yin ta, kuma masu yin ta iyayensu da matansu masu ciki suke fara yi wa. Mu nan ko kawo mana ba a yi ba, balle a ce ana tura mana.

Hajiya ta Fadaman Mada: Ni an taɓa yi min, shekarar da zan je Umara. Wallahi kwana biyu hannuna kamar ba nawa ba, ga jiki ya yi nauyi. Bayan na dawo kuma na sha mura da tari. To ina amfanin?

Anti Nas: Hajiya, ciwon hannu da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu sananne ne, jiki ne ke amsawa. Wadda ake yi a damtse ba ta da rayayyar ƙwaya, ba za ta iya sa miki cutar ba. Yaushe aka yi miki kafin tafiyar?

Hajiya ta Fadaman Mada: Ana jibi za mu tashi.

Anti Nas: To kin gani. Sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin garkuwa ta kafu, ke kuwa kin shiga cunkoso tun ba ta fara aiki ba. Ban da haka, tarin da alhazai ke dawowa da shi ba duka ne infuluwenza ba. Mutane daga kowace kusurwa ta duniya, kowa da irin tasa murar, ga sanyin na'ura a masauki, ga ruwan sanyi. Allurar ba ta yi alkawarin tare waɗannan ba.

Alhajin Muda Lawal: Tunda an zo nan, a warware mana. Cikin alluran da ake yi wa maniyyata, akwai ta?

Likitan Yara: Ranka ya daɗe, abin da Saudiyya ta wajabta wa mai zuwa daga Najeriya shi ne ta sanƙarau, wadda ake so a yi aƙalla kwana 10 kafin isa, da shaidar ta shawara, da ɗigon shan inna. Ta mura shawara suke bayarwa a yi, musamman tsofaffi da masu ciwo. Ni kam in maniyyaci dattijo ya tambaye ni, cewa nake ya nema ya yi da wuri. Wanda ya tara miliyoyi ya biya kujera, bai kamata ya ƙare Mina a kwance ba.

Mai Kaji, Dass: Likita, ni damuwata daban. Ina kiwon kajin gidan gona. Tun da aka samu murar tsuntsaye a Kaduna a 2006 ba mu sake barci da ido biyu ba, duk 'yan shekaru sai ta leƙo. In na yi wannan allura ta tsare ni daga ta kaji?

Likitan Yara: A'a. Ta tsuntsaye H5N1 ce, ba ta cikin haɗin. Kariyarka ita ce safar hannu, takalmin roba, takunkumi, da kiran likitan dabbobi in ka ga kaji na zubewa. Kada a yanka mai mutuwa a kai kasuwa.

Malamin Tarihi: Bari in sa baki kaɗan, don ina ganin muna raina cutar saboda sunanta. A 1918 ita ce ta kashe aƙalla mutum miliyan 50 a duniya, fiye da waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas a watan Satumba, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake ta hau Arewa. Masana tarihi suna ƙiyasta kusan mutum 500,000 suka rasu a Najeriya, lokacin da duk ƙasar ba ta kai miliyan 20 ba.

Mai Shayin Kobi: Malam, ka zo da tsoratarwa. Yanzu ko atishawa aka yi a teburina sai kowa ya watse.

Likitan Yara: A raba biyu dai. Ta 1918 annoba ce, sabuwar ƙwaya da jikin mutane bai taɓa gani ba. Haka ta 2009 da aka kira murar aladu. Wadda muke magana a kai ita ce mai zagayowa kullum. Ita ta 2009 ɗin ma yanzu ta zauna ta zama ta shekara-shekara, tana cikin allurar.

Ɗan Wunti: Na gode ƙwarai. To yaushe ya fi dacewa? Yaya cewa yake dole kafin sanyi.

Likitan Yara: Lissafin ƙasarsu yake yi. A Turai cutar tana da lokacinta, sanyi na shiga take tashi. A ƙasashe masu zafi irin namu tana iya yawo kowane wata, har da damina. Hunturu yana da nasa sharrin: ƙura na busar da hanci da maƙogwaro, ana cunkushewa a ɗaki ɗaya an toshe taga, mai asma na shan wuya. Amma kada ka ce tunda Disamba ta wuce shi ke nan. In ka samu ingantacciya, a yi. Abin da na fi damuwa da shi ba watan ba ne, inda za ka saya ne. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba a barin ta ta yi zafi, ba a barin ta ta daskare. Ka san halin wutarmu. Ka ga firjin da idonka, ka tambaya ko na sola ne, ka karanta kwalin: shekarar da aka yi ta dominta, ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Wanda ya zaro maka ita daga aljihu ko daga kanta, ka yi masa sallama. Kuma ka fara kai Inna wurin likitan da ke duba suganta. In tana zazzaɓi ranar, a bari ta warware.

Anti Nas: In ƙara da abin da ke ci min rai. Kullum sanyi sai an kawo mana yara an kwana da kaskon garwashi a ɗaki, ƙofa a rufe, an cusa tsumma a ƙasan ƙofar. Yaro ya zo jiki duk man zafi, an naɗe shi da zani uku da hular sanyi, ido ya yi ja, yana numfashi sama-sama. Uwar ta ce sanyi ne ya shige shi. Hayaƙin nan da ba a gani yana kisa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Mai Kemis: Tunda kowa na faɗin nasa, ni ma ga nawa. Ana zagin masu kemis wai muna ba da kafso barkatai. Mutum zai shigo ya ce a ba shi Ampiclox na ɗari biyu, mura ke damunsa. In ka ce masa mura ba ta jin wannan, ya sha Panadol da ruwa ya kwanta, sai ya kalle ka kamar ba ka san aikinka ba, ya tsallaka shagon gaba. Gobe ba zai dawo ba. Mu ma haya muke biya.

Ɗalibar Yelwa: Yaya, haya ba hujja ba ce. Ƙwaya huɗu da ka ba shi ba ta taɓa bairos mai kawo mura ba, sai dai ta koya wa bakteriyar jikinsa jure magani. Ranar da nimoniya ta gaske ta zo, maganin ya ƙi ci.

Mai Kemis: Ƙanwata, ki gama karatun ki buɗe naki shagon, sai mu sake zama.

Shugaban Zaure: A yi muhawara ban da gugar zana, don Allah.

Likitan Yara: Duk biyun kuna da gaskiya, amma tata ta fi nauyi. Akwai maganin infuluwenza na ainihi, Tamiflu, wanda ya fi aiki in an fara cikin awa 48, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba kuma likita ke rubutawa. Roƙona ga Mai Kemis guda biyu ne. Kada ka ba yaro asfirin in yana mura da zazzaɓi, yana iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa. Na biyu, mu a Bauchi muke, kuma jiharmu na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi kamawa, lokacinsa kuwa rani ne, daidai lokacin da kowa ke cewa mura ce. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, an sha maganin maleriya bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ko amai, ka tura shi asibiti, kada ka canza masa wani kafson.

Maman 'Yan Biyu: Likita, ni yanzu hankalina ya koma kan nawa. Watansu 8, ɗaya kuma sikila ce. Ba ni da halin zuwa wani gari neman allura.

Likitan Yara: Mai sikila tana cikin waɗanda ake so a yi wa, ki tayar da maganar a asibitin da take zuwa. In an samu, yaron da bai kai shekara 9 ba kuma bai taɓa yi ba, sau biyu ake masa, da tazarar mako 4. Ƙasa da wata 6 ba a yi, shi ya sa ake so uwa ta yi tun tana da ciki, garkuwarta ta bi jaririn watannin farko.

Amma kafin ki damu da wadda babu, ɗauko katinsu ki duba wadda ke akwai. Ta mako 6, da 10, da 14, an yi duka? A cikinsu akwai PCV mai tare babbar ƙwayar nimoniya, da Penta mai tare mashaƙo da tarin shiƙa da sauransu. Sau da yawa infuluwenza ƙofa take buɗewa, bakteriya ta biyo baya ta ƙarasa yaro, kuma waɗannan alluran su ke tsaye a wurin. Kyauta ne. Mashaƙon da ya yi mana ɓarna a 2023 a Kano, Yobe, har da nan Bauchi, mafi yawan yaran da ya kama ba su cika rigakafinsu ba. Wata mai zuwa kuma ta ƙyanda na jiransu, ta biyu a wata 15. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin a kawo ta mura jihar nan ko kowane kati ya cika, cikar katin zan ɗauka, ban ko yi dogon tunani ba.

Malam na Gwallaga: Yanzu ka yi magana. Wannan na yarda da ita.

Ɗalibar Yelwa: Ni ban yarda a ce sai ɗaya ba. Anti Nas da abokan aikinta kullum marasa lafiya na yi musu tari a fuska, su koma gida wurin 'ya'yansu, gobe su taɓa jariran wasu. Ko ba a yi wa kowa ba, ai su da masu zuwa awo ba su fi ƙarfin gwamnati ba.

Anti Nas: Allah ya yi miki albarka, 'yar ƙanwata. Safar hannu ma wani lokacin majinyaci ke saye.

Maman 'Yan Biyu, ga abin da za ki riƙe ko da allura ko babu. In yaro na tari, ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk jan numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko leɓe ya canza launi, kada ki jira gari ya waye. Ita mai sikilar kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa ki kawo ta. Kuma kada a ba su zuma sai sun cika shekara, Mai Shayi ya ji.

Mai Shayin Kobi: Na ji, Anti. Nawa na manya ne.

Maman 'Yan Biyu: Na duba katin. Ta mako 14 babu tambari a na Hassana, ranar tana zazzaɓi aka ce mu dawo. An makara ke nan?

Anti Nas: Ba a makara ba, kuma ba za a sake daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ki tambayi asibitin unguwarku ranar da suke rigakafi, don kowa da tasa ranar, ki tafi da katunan duka biyu. Sai da safenku, ina da aikin dare.